Cin Rani Ba Tare Da Barin Gida Ba: Abin Da Muka Gani Wurin Mutanen Filifin

'Yan'uwa manoma, kowace shekara idan kaka ta wuce, gero da dawa suka shiga rumbu, sai tashar mota ta Birnin Kudu da ta Gwaram su cika da samari, kowa rataye da 'yar jakarsa. Wasu Kano suka nufa, wasu Abuja, wasu Legas ko Fatakwal. Akwai kuma waɗanda burinsu ya wuce nan, suna zancen Agadas da Libiya, ko kuwa aikin gida a Saudiyya. A 'yan shekarun nan wata sabuwar magana ta shigo tarurrukan ƙungiyoyinmu na gama kai. Iyaye suna tambaya: wai gaskiya ne yaro yana iya zama cikin ɗakinsa ya yi wa wani mutum na Amurka ko Ingila aiki ta kwamfuta, a biya shi da dala? In gaskiya ne, ya kamata ƙungiya ta sa kuɗinta ciki?

Amsar ita ce gaskiya ne, amma da sauran bayani. Domin mu ba da amsa sosai za mu kai ku wata ƙasa mai nisa, watau Filifin, inda mutane suka shekara hamsin suna zuwa cin rani ƙasashen waje, yanzu kuma da yawansu suna neman hanyar yin aikin daga gida.

Cin rani ba baƙo ba ne gare mu

Kakanninmu sun je Jos haƙar kuza, sun je Kurmi aikin koko da fataucin goro, wasu har Gwanja. Wani Bature mai suna Prothero ya sa an ƙirga masu fita daga Lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953, aka sami mutum wajen 259,000. Dalilin bai sake ba har yau. Damina wata huɗu ce ko biyar, sauran watanni kuwa ciki ba ya hutu. Wanda ya tafi ya rage wa rumbu baki ɗaya, in ya dace kuma ya komo da kuɗin taki da na sutura. Saboda haka ba mu zo mu zagi cin rani ba. Ya rufa asirin gidaje da yawa.

Sai dai mai aiki a garin wasu, a ƙarƙashin dokar wasu yake. A ƙarshen watan Agusta na 2019 jami'an Jihar Legas suka tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 'yan Jigawa da babura 48, aka tsare su ana yi musu tambayoyi kafin a sake su. Neman abinci ya kai su. A Fabrairu 2020, da kuma Yuni 2022, gwamnatin Legas ta hana acaɓa a manyan sassan birnin, aka kama babura masu yawa aka murƙushe. Wanda ya sayar da ɗan bijiminsa ya sayi babur, a rana ɗaya ya koma ba shi da ko ɗaya.

Na ƙetare ya fi muni. A Oktoba 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamadar Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram. Hausawa ne manoma kamarmu, motarsu ta lalace, ƙishirwa ta kashe su. A Nuwamba 2017 duniya ta ga hotunan da aka ɗauko a Libiya ana cinikin baƙin haure kamar awaki a kasuwa. Mu ma kada mu manta da namu halin: a Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya daga Nijeriya, yawancinsu 'yan Gana, cikin 'yan makonni kaɗan.

Ƙasar da ta mai da fita waje sana'a

Filifin tsibirai ce fiye da 7,000 a gabashin Asiya, mutanenta sun haura miliyan 110, babban birninta Manila. Dattawan da suka yi makarantar sakandare a Arewa cikin shekarun 1970 da 1980 za su tuna da su, gama a lokacin da kuɗin mai ya yi yawa an ɗauko malaman makaranta da likitoci daga can, tare da Indiyawa da 'yan Pakistan. Ashe mu ma mun taɓa zama ƙasar da ake zuwa cin rani.

A 1974 gwamnatin Shugaba Ferdinand Marcos ta yi dokar ƙwadago wadda ta shirya tura ma'aikata ƙasashen waje. Farashin mai ya tashi a 1973, ƙasashen Larabawa suna ta gine-gine, suna neman magina da direbobi da masu aikin wuta. An ɗauka abin na ɗan lokaci ne kafin a sami aiki a gida. Bai tsaya ba. A 1982 aka kafa hukuma ta musamman mai kula da kwangilar masu fita, a ƙarshen 2021 kuma aka yi dokar kafa ma'aikata sukutum da minista domin ma'aikatan ƙetare. Yau ana lissafin 'yan Filifin wajen miliyan 10 suna zaune a wasu ƙasashe. Akwai nas-nas a Ingila da Amurka, masu aikin gida a Hong Kong da Singafo da Saudiyya, da ma'aikatan jiragen ruwa a kowane teku. A 2023 kuɗin da suka aika gida ya kai dala miliyan dubu 37, watau wajen kashi 8 ko 9 cikin 100 na dukan abin da ƙasar take samarwa.

Kuɗin nan ya gina gidaje, ya biya kuɗin makaranta, ba mai musun haka. Amma ku dubi abin da aka biya kafin a same shi. Uwa tana renon 'ya'yan wasu a Hong Kong shekara goma, nata kuwa suna hannun kaka, ba su san ta ba sai a waya. A Maris 1995 aka rataye wata mai aikin gida, Flor Contemplacion, a Singafo bisa laifin kisan kai. Yawancin mutanen ƙasarta ba su yarda ta aikata ba, hankali ya tashi ƙwarai, har majalisa ta yi dokar kare ma'aikatan ƙetare a wannan shekara. A 2018 aka sami gawar wata mai aikin gida cikin firji a Kuwait, gwamnati ta dakatar da tura ma'aikata can na ɗan lokaci. Sa'an nan annobar korona ta zo a 2020, aka komo da mutum fiye da 300,000 gida cikin shekara ɗaya, da yawansu ba aiki.

Abin da ya kamata mu lura da shi, Filifin tana da hukuma, da rajistar dillalai, da kwangila a rubuce, da ofisoshi a ƙasashen da mutanenta suke aiki, duk da haka waɗannan abubuwa suka faru. To ina ga 'yarmu da wani dillali ya ɗauka ba takarda, ya karɓe fasfonta tun a filin jirgi?

Yadda aikin ya biyo su gida

Tun wajen shekarar 2000 kamfanonin Amurka suka ga cewa ba lalle ne mai amsa wayar abokan cinikinsu ya zauna a Amurka ba. In akwai layin waya mai kyau, yana iya zama a Manila ko Cebu, albashinsa kuwa bai kai rabin na Ba'amurke ba. Sai aka buɗe manyan ɗakunan amsa waya. Mutum a Amurka ya buga yana kukan katinsa na banki ya ɓace, wadda ta amsa masa tana Filifin. Wajen 2010 ƙasar ta wuce Indiya a wannan sana'a. A 2023 ma'aikatan wannan fanni sun kai miliyan 1.7, kuɗin da suka shigo da shi kuwa wajen dala miliyan dubu 35. Ku kwatanta da na sama: ya kusa kamo abin da dukan masu ƙetare suka aiko.

Daga ofis kuma aikin ya gangara cikin gida. A Disamba 2018 aka sa hannu kan dokar da ta amince ma'aikaci ya yi aikinsa daga gida da haƙƙi daidai da na ofis, korona kuma ta tura kowa cikin ɗaki. Ban da ma'aikatan kamfanoni, akwai masu zaman kansu da za mu iya kira akawun nesa. Ga yadda abin yake. Wani mai ƙaramin kanti a Amurka ko Ostareliya ba shi da lokacin amsa wasiƙu, da rubuta lissafin shiga da fita, da shirya wa zai gani ran Talata. Sai ya shiga wani dandali na intanet irin su Upwork ko Fiverr ya rubuta abin da yake so. Masu neman aiki su rubuto masa, ya zaɓi ɗaya, su daidaita kan kuɗin awa ko na wata. Dandalin ya riƙe kuɗin har a gama aiki, ya cire ladansa kamar dillali a kasuwar Sara, sauran ya shiga asusun ma'aikaci. Wasu suna koyar da Turanci ga yaran Japan da Koriya ta bidiyo, wasu zane, wasu rubuta abin da aka faɗa a faifai.

Me ya sa su, ba wasu ba? Amurka ta mallaki Filifin daga 1898 zuwa 1946, ta cika ta da makarantun Turanci tun 1901. Yau fiye da mutum 9 cikin 10 suna karatu da rubutu, Turancinsu kuma kunnen Ba'amurke ya saba da shi. Watau shukar da aka yi shekara ɗari ita suke girbe.

Kada kuma a ɗauka hutu ne. Tsakanin Manila da New York awa 12 ne ko 13, saboda haka rana a can dare ne a nan. Mai aikin yakan kwana zaune, ya yi barci da rana cikin hayaniyar gida. Mai zaman kansa ba shi da fansho, ba hutun ciwo, maigidan kuma yana iya sallamarsa da saƙo guda. Ga shi yanzu an ƙera injunan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, suna amsa tambaya, suna fassara, suna rubuta wasiƙa. Ƙananan ayyuka su ne na fari da injin yake cinyewa, mutanen Filifin ma suna cikin wannan fargaba.

To, mu fa?

Bari mu auna kanmu da gaskiya. Aikin nan yana kan duwatsun murhu uku, in ɗaya ya goce tukunya ta kife.

Na fari wuta da layi. Kowa ya san halin wutar lantarki a ƙauyukanmu. Maigida a Landan ba ruwansa da cewa an ɗauke wuta, in ka ɓace masa sau biyu ya nemi wani. Dole sai da faifan sola da batir. Layin waya kuwa ya zo Nijeriya a 2001, yana da ƙarfi a cikin Birnin Kudu da bakin babbar hanya, amma akwai ƙauyukan da sai an hau tudu kafin saƙo ya fita. Tun Janairu 2023 akwai intanet na tauraron ɗan'adam na kamfanin Starlink, wanda yake aiki ko a daji, sai dai kuɗin kayansa da na wata ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Na biyu ilimi, nan ne kuwa gizo yake saƙar. Riƙe waya da iya Facebook da TikTok ba shi ne iya aiki ba. Ana bukatar wanda zai karanta umarni na shafi biyu da Turanci ya gane, ya rubuta amsa ba kuskure, ya buga rubutu da yatsu goma, ya san jadawalin lissafi na kwamfuta. Mu tambayi kanmu, cikin yaranmu da suka gama sakandare, nawa ne za su iya rubuta wasiƙar neman aiki ba a gyara musu ba? Ba don mu kunyata kowa muka faɗa ba. Wuraren koyo suna nan: akwai makarantar koyon kwamfuta ta jiha a Kazaure, da Jami'ar Tarayya ta Dutse wadda aka kafa a 2011, a 2023 kuma gwamnatin tarayya ta fara shirin 3MTT na horar da matasa sana'o'in kwamfuta. Amma horon wata uku ba zai cike gurbin firamaren da ba a yi da kyau ba.

Na uku hanyar karɓar kuɗi. Sai da asusun banki da sunan mai aikin kansa, da lambar BVN da ta NIN, sau da yawa kuma da asusun da yake karɓar dala. Kada yaro ya yarda a biya shi ta asusun wani.

Muna kuwa da abubuwa biyu da suka taimake mu. Agogonmu da na Ingila ɗaya ne rabin shekara, sauran rabin bambancin awa ɗaya ne kawai, saboda haka mai yi wa Turawan Yamma aiki ba sai ya kwana zaune ba. Sa'an nan tun da aka saki naira a Yuni 2023 dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a 2024. Wannan ya tsananta mana tsadar taki da magani, amma ga wanda ake biya da dala, ko kaɗan ce tana da auki. Ku tuna mafi ƙarancin albashi da aka sa hannu a kai a Yuli 2024 naira 70,000 ne a wata.

Harshenmu ma haja ne. Tun 2013 Google ya sa Hausa cikin injinsa na fassara, kamfanoni kuma sukan nemi masu fassara, da masu sauraron magana su rubuta ta, da masu duba ko Hausar da inji ya rubuta daidai ce. A nan ɗan Manila ba zai iya yin takara da ɗan Gwaram ba. Sai dai aikin yakan zo ya ɗauke kamar ruwan bazara, kuma ana son mai rubuta Hausa bisa ƙa'ida, da ƙ da ɗ da ɓ a wurarensu, ba irin rubutun saƙon waya ba.

Macuta sun riga mu zuwa

Duk inda aka ce dala, ɓarayi suna gaba. Muna roƙonku ku riƙe wannan ƙa'ida: aiki na gaskiya shi yake biyanka, ba kai kake biyansa ba. Wanda ya ce ka kawo kuɗin rajista, ko ka zuba dubu goma ka riƙa danna hotuna kana samun riba kullum, ko ka kawo mutum uku a ƙara maka matsayi, wannan ba maigida ba ne. MMM ya rufe da kuɗin jama'a a Disamba 2016, CBEX ya yi haka a Afrilu 2025, kowane lokaci kuma waɗanda suka shiga daga baya su suka yi kuka. Akwai kuma masu ba yaro lada domin a wuce da kuɗi ta asusunsa. Kuɗin sata ne, ranar da aka biyo sawu kuwa sunan yaron za a gani. Haka nan dillalin da ya zo da alkawarin aiki a ƙetare yana gaggauta ku, yana cewa kada a gaya wa kowa, a kai maganarsa ga hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin yaƙi da fataucin mutane.

Shawararmu ga ƙungiyoyi

A ganinmu aikin nesa ba zai maye gurbin cin rani ga yawancin samarinmu ba, ba bana ba, ba baɗi ba. A ƙungiya mai gida hamsin, watakila yaro biyu ko uku ne suke da karatun da za su fara. Ga sauran, noman rani a fadama da bakin kogin Bunga, da kiwon turka, da sarrafa gyaɗa da riɗi sun fi kusa da hannu. Kada wani ya sayar da gona ko shanun huɗa domin sayen kwamfuta, kamar yadda muke hana sayar da su domin biyan dillalin Libiya.

Amma yara biyu ko ukun nan ba abin rainawa ba ne, musamman 'yan mata da matan aure masu ilimi waɗanda ba su da halin tafiya ko'ina. Abin da mutum ɗaya ba zai iya ba, ƙungiya tana iyawa, kamar yadda muka saba haɗa kuɗi mu sayi injin ban ruwa. Ɗaki ɗaya mai ƙofa da makulli, faifan sola, kwamfuta biyu ko da na hannu ne, da kuɗin data na wata shida. Cajin waya da buga takardu da cike fom ɗin jarrabawa ga mutanen gari za su riƙa biyan wani abu daga kuɗin tafiyar da wurin.

Kuma maigidansu na fari kada ya zama Ba'amurke, ya zama ƙungiyar kanta. A ba su littafin ƙungiya su mai da shi cikin kwamfuta: wa ya karɓi taki buhu nawa, wa ya biya, wa ake bi. A sa su bin farashin riɗi da zoɓo da shinkafa a Dawanau da Maigatari ta waya kafin mu sayar wa ɗan kwangilar da ya zo ƙofar gida. A sa su ɗauki hoton man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da huluna da tabarmin matanmu su nemo masu saye a Kano da Abuja ta WhatsApp. A yanka musu lada a rubuce, ko kaɗan ne, a biya kan lokaci. Yaron da ya riƙe lissafin ƙungiya shekara guda ba a sami gibi ba, ya koyi ainihin abin da akawun nesa na Filifin yake sayarwa, yana kuma da shaidar da zai nuna wa baƙo. Wanda ya kasa, an gane da wuri, ba a yi asarar gona ba.

Kafin a kashe ko kwabo, muna so kowane magatakarda ya zo taro na gaba da abu uku a rubuce. Sunayen matasan ƙungiyarsa, maza da mata, da suka gama sakandare, da wasiƙa ta shafi ɗaya da kowannensu ya rubuta da hannunsa, rabi da Hausa rabi da Turanci. Sa'an nan wane layin waya ne yake kamawa a garinsu, a wane wuri, da wane lokaci. Na ƙarshe, mutum nawa suka tafi cin rani bara, nawa suka komo kafin shuka, kuma gonar wa ta kwana ba a nome ba.